Ni Na Koya Masa Haddar Allon Ido

Yau ba zan yi muku kwana-kwana ba, 'yan uwa. Laifina zan fara faɗa kafin in taɓo na kowa. Wadda za ta zage ni ta zage ni, ai na riga ta, na zagi kaina son raina.

Ga wadda ba ta san ni ba, shekarata shida ina aiki a shagon tabarau. Ni ba likita ba ce, kar a naɗa min rawanin da ba nawa ba. Uwar ɗakina, wadda muke ce wa Anti, ita ce ta yi karatun ido. Ni nawa in zaunar da mutum a kujera, in rufe masa ido ɗaya da ɗan faifan roba, in kunna fitilar allon nan mai haruffa, babba a sama suna ƙanƙancewa har ƙasa, in ce ya karanta. Kalmar da na fi furtawa a rana kuwa ita ce, “Haba Baba, me ya hana ku zuwa da wuri?” Ku riƙe wannan, don ku san irin kunyar da na sha.

A shagon na haɗu da Mai Bas. Direban motar ma'aikatan wata masana'anta ne, kujera talatin da biyu, safe da yamma. Dogo ne, kullum cikin rigar aiki ruwan sararin sama wadda shi ke goge abarsa, makullai na lilo a ƙugunsa. Tabaran mahaifiyarsa ya kawo, hannu ɗaya ya karye an ɗaure da zare. Na gyara a minti biyar. Washegari ya dawo wai kusar ta yi sako-sako. Jibi ma haka. A zuwa na huɗu Anti ta leƙo ta ce, “Malam, kusar nan lafiyarta ƙalau. In wata kusar kake nema, ka je ka gaida iyayenta.”

To a cikin wasan farkon soyayya ne na yi ɓarnar. Wata rana na yi masa burga cewa zan iya karanta allon nan tun daga sama har ƙasa ido rufe. Ya ce ƙarya ne. Na runtse ido na zubo masa. Shi ke nan abu ya zama wasanmu. Kullum in ba shi layi ɗaya ya haddace, da safe ya turo min da murya maimakon gaisuwa, in ya yi kuskure in tura masa hoton bulala. Tun daga nan yake ce min Malama. Cikin wata biyu ya fi ni iyawa.

An sa rana, gida ya ɗauki murna. Sai na fara ganin abin da ban so gani ba.

In zai shigo falonmu, kafaɗarsa ta hagu sai ta daki bakin ƙofa. Na farko na yi dariya, na biyu na yi masa sannu, na uku na yi shiru. In na ajiye masa kofin shayi a hagunsa, sai ya yi ta hira har ya huce, in na nuna masa ya ce, “Au, yaushe kika kawo?” Madubin gefen bas ɗinsa na hagu ya fashe sau biyu a wata guda, ya ce masu babur ne ba su da hankali. Wata yamma na hango shi a bakin titi, na lallaɓa ta hagunsa don in tsorata shi. Wallahi taku ashirin muka yi kafaɗa da kafaɗa, ina sanye da jan mayafin da shi ya saya min, bai san da mutum ba sai da na yi tari.

Na san sunan abin. Hawan jinin ido. Ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya ruwa. Daga gefe yake fara cin gani a hankali, kuma abin da ya ci ba ya amayarwa. Na ga mutane da yawa da 'ya'yansu suka riƙo musu hannu zuwa shagonmu saboda shi.

Na samu Umma a ɗaki tana ninke zannuwan gadon da ta saya min, na faɗa mata. Ta ajiye zanin, ta tashi ta tura ƙofa.

“Wa kika faɗa wa bayan ni?”

“Babu.”

“To ki ja bakinki ki tsuke. Gajiya ce. Mutumin da ke kan titi tun asuba ba dole idonsa ya yi nauyi ba?”

“Umma, ba gajiya ba ce.”

“Ke likita ce?”

Kafin yamma Gwaggo ta iso, yayar Abba, wadda ba a yanke komai a gidanmu sai da ita. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

“Shekararki ashirin da tara. Biyu sun zo sun gudu saboda bakin nan naki, komai kika gani sai kin tanka. Yanzu Allah ya kawo mai haƙuri, za ki ce masa makaho ne? Direba fa! Kin san in maganar ta fita aikinsa ya tafi? Danginsa su ce tun ba ki shiga ba kin yi masa baki. Ki bari a yi biki. In kin shiga ɗakinki, kya lallaɓa shi.”

Haka gidanmu yake. Umma ta yi imani duk abin da ba a ambaci sunansa ba, zai gaji ya tafi da kansa. Ni kuma, mai bakin nan da ake faɗa, na yi shiru. Ba don na yarda da su ba. Tsoro na ji, ina son sa, kuma na gaji da zama abin nuni a taron dangi. Wata huɗu cur ina ajiye masa shayi a dama, ina tafiya a damansa, ina gyara masa hanya kamar ba komai. Da safe kuma in je shago in ce wa bayin Allah me ya hana su zuwa da wuri.

Saura sati bakwai biki, ina tsaye gaban madubin tela an ɗame ni da allurai cikin doguwar riga ruwan zuma, hannun ko ɗinkewa ba a yi ba, wayata ta yi ƙara.

“Malama, albishirinki! An yi mana gwajin ido na shekara a wurin aiki. Na cinye tas. Ladan naki ne.”

Na rubuta, “Kamar ya nawa?”

“Irin allonku ne sak. Da suka rufe min na dama sai na hagun ya ɗan yi hazo, ni kuwa na zubo musu hadda har layin ƙasa. Ma'aikaciyar har cewa ta yi idona ya fi na kowa.”

Ya haɗa da fuskokin dariya guda biyar.

Tela ta ce, “Amarya, ki tsaya cak, zan soke ki.” Gwajin nan shi kaɗai ya rage da zai kama ciwon ba tare da na buɗe baki ba, a ɓoye shi nake jira. Ashe da hannuna na toshe shi tun bara.

Za ku ce a ranar na yi magana ko? Ina! Na tura masa, “Barka.” Na ƙara kwana tara.

Ranar ta goma wata mata ta shigo shago, tabaranta a hannu gilashi ɗaya ya tsage, goshinta da ɗan kumburi. Rigar masana'antarsu ce a jikinta. Ba ta san ni ba. Ina auna firam ɗin tabaran tana ba ni labari.

“Birki direbanmu ya taka, na daki kujerar gaba. Wata mai goyo ce ta fito ta hagu, saura ƙiris. Mutumin kirki ne wallahi, ba ya gudu, ba ya faɗa. Amma kwanan nan sai mun taya shi. Yanzu ma mun tsara, duk wanda ya zauna a gaba shi ne mai duba masa hagu. In an zo mahaɗa sai ka ji an ce, ‘Hagu lafiya, wuce!’ Jiya mai duban ne barci ya ɗauke.”

“Ba wanda ya kai maganar ofis?”

“Haba, a raba bawan Allah da abincinsa? Aure fa zai yi.”

Kun ji. Mutum talatin da biyu, da Umma, da Gwaggo, da ni, duk mun haɗu muna rufa masa asiri, ciwo kuma yana ta cin abincinsa hankali kwance. Na shiga bayan kantar shago na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na faɗa wa Anti komai. Ba ta yi min faɗa ba, abin da ya fi faɗan zafi ke nan. Cewa kawai ta yi, “Kawo shi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.”

Na san in na ce ya zo gwaji zai mayar da shi wasa. Sai na ce ya zo ya zaɓi baƙin gilashin da zai sa a hoton biki. Kafin ya iso na shiga ɗakin gwaji, na zare takardar haruffa daga allon, na zura ɗayar da muke ajiye wa waɗanda ba su iya haruffa ba, mai lambobi zalla. Na kashe fitilar allon na ja labule.

Ya shigo da fara'arsa, yana ƙamshin sabulu, ya gaida Anti har da rusunawa.

Anti ta ce, “Ango, dokar shagon nan ko baƙin gilashi ne sai an cike kati. Zauna.”

“Ai Malama ta san ni, Anti. Ɗalibinta ne na ɗaya.”

Na rufe masa idon dama da faifan. Sannan na kunna allon.

“Karanta.”

Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa. “E. F, P. T, O, Z. L, P, E, D.”

Bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Yana yi yana murmushi, har da kaɗa ƙafa. A gabansa kuwa ƙaton bakwai ne a sama, wanda ko daga bakin titi za a iya gani. Na bar shi ya kai layi na takwas, sannan na janye faifan.

Ya kalli allon. Ya daɗe yana kallo. Ya sa tafinsa ya rufe na dama da kansa, ya buɗe, ya sake rufewa. Murmushin ya tafi.

“Tarko kika ɗana min?”

“Eh.”

“A gaban mutane?”

“Anti ce kaɗai. A bas ɗinka mutum talatin da biyu ne, kuma duk sun sani.”

“Tun yaushe kika sani?”

“Wata huɗu.”

“Wata huɗu kina kallona?”

“Ina kallonka. Na ji tsoron kar ka bar ni. Yanzu ma ina ji. Amma gara ka bar ni kana ganin hanya.”

Ya miƙe. Anti ta fara yi masa bayanin asibitin ido, bai tsaya ba. Da zai fita kafaɗarsa ta daki ƙofa, ya tsaya cak kamar zai juyo, sai ya wuce.

Kwana uku ba kira, ba saƙo. Ina ganin ya buɗe nawa, ba amsa. A rana ta biyu yayarsa ta kira. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, maganarta ce doka a gidansu.

“Ke ce mai shagon gilashi?”

“Ni ce, Yaya. Ina wuni?”

“Riƙe gaisuwarki. Yaro lafiyarsa ƙalau kin sa ya kulle kansa a ɗaki, ya ƙi fita aiki. Don ku sayar da gilashi sai ku ƙaƙaba wa mutum makanta? Mu a zuri'armu ba makaho. In ba kya son auren ki fito fili.”

Ta kashe kafin in ce uffan.

Gidanmu kuwa kamar an yi rasuwa. Umma ta kwanta da ciwon kai. Gwaggo ta zo ta zauna a tsakiyar falo tana tafa hannu.

“Na uku ke nan! Na faɗa, baki shi ke yanka wuya. Sati biyar kacal ki kasa haƙuri?”

Abba yana gefe yana gyara rediyonsa. Mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba, kuma ban taɓa jin ya musa wa yayarsa ba. Bai ɗago ba ya ce, “Yaya, da ɗanki ne ke shiga motar nan kullum, sati nawa za ki ce a jira?”

Ni kuwa na shige ɗaki, don kar Gwaggo ta ga yadda fuskata ta yi. A ranar na ci abinci har da ƙari.

Rana ta huɗu da safe ina goge gilasan kanta, na ga inuwa a bakin ƙofa. Shi ne. Ba rigar aiki, ba makullai a ƙugu, wata tsohuwar riga mai ratsi ya sa wadda ko guga ba ta gani ba.

“Malama.”

“Na'am.”

“Jiya na zauna gaban Inna, na rufe na dama. Muryarta kawai nake ji. Ina ne asibitin?”

Ban tsaya neman izini ba, Anti ce ma ta miƙo min jakata.

Mun wuni a can. Aka ɗiga masa magani, aka auna, aka sa kansa cikin na'ura yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Likitar, wata 'yar gajeriya mai furfura, ta juyo mana da takardu biyu. Ta hagu kusan baƙa ce gaba ɗaya. Ta dama fara ce, sai ɗan duhu a gefe guda.

“Na hagu ya tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na dama ya fara, amma mun kama shi. Magani safe da yamma har iyakar rayuwa, da ɗan aiki da za mu yi wata mai zuwa. In ka kiyaye, da idon nan za ka ga jikokinka.”

Na tambayi abin da ke cina. “Likita, da mun zo wata huɗu da suka wuce fa?”

Ta dube ni ta saman tabaranta. “Da mun ceci wani abu a na hagun. Ba duka ba, amma wani abu.”

Wannan nawa ne, zan ɗauke shi har kabari, ba na neman kowa ya rarrashe ni. Shiru bai warkar da komai ba, ido ya ci mana.

“Da kun ƙara shekara kuma,” in ji ta, “da jagora za ki zama, ba amarya ba. Sannan ciwon nan yana bin jini. 'Yan uwansa duk su je a duba su.”

Da muka fito ya tsaya a barandar asibiti yana ƙifta ido, maganin ya sa hasken rana na damunsa. Na cire baƙin gilashin da na ɗauko masa a shago na sa masa da hannuna.

“Na yi fushi da ke sosai,” ya ce.

“Na sani.”

“Har yanzu da saura.”

“Ka ajiye, ka dinga ɗiba kaɗan-kaɗan. Muna da lokaci.”

Ya yi dariya, ta farko a kwana huɗu. “Wane launi ne rigar bikin?”

“Ba a faɗa. Ka zo ka gani da idonka.”

Washegari da kansa ya je ofis ya ajiye makullai, ya faɗa musu gaskiyar yadda ya ci gwajin. Ya ce min da ya juya ya ga bas ɗin a fake, sai da ya shiga bayan gareji ya share hawaye, shekara goma sha ɗaya yana tuƙa ta. Sun yi masa faɗa, sun rubuta masa takardar gargaɗi, amma ba su kore shi ba. Sun mayar da shi tsakar gareji, shi ke tsara wace mota za ta fita da wane direba. Yana ƙorafin kujera na sa masa ciwon baya. Ni dai na saita ƙararrawa a wayata, bakwai na safe da bakwai na yamma, in tura masa kalma ɗaya: “Ɗiga.” Shi kuma ya turo hoton kwalbar.

Umma ta warke daga ciwon kai, har tana faɗa wa maƙwabta wai dama ita ta ce in yi magana. Na bar mata. Gwaggo kuwa ta koma cewa rigar ta yi min tsawo.

Yau da hantsi ina jera sababbin firam, ƙofar shago ta buɗe. Mata uku da namiji ɗaya suka shigo a jere, dogaye duka, hancinsu iri ɗaya. A gaba wata ce mai kauri cikin baƙin mayafi, jaka a hammata, fuska ba annuri. Ban taɓa ganin ta ido da ido ba sai a hoto, amma tana buɗe baki na gane muryar.

“Ke ce mai shagon gilashi?”

“Ni ce, Yaya. Sannunku da zuwa.”

Ta ƙare wa shagon kallo, ta ƙare min kallo tun daga ɗankwali har takalmi. Sannan ta miƙa wa ƙanwarta jakar, ta wuce ni ta shiga ɗakin gwaji, ta zauna a kujerar da ƙaninta ya zauna.

“To, amaryarmu,” ta ce, muryarta can ƙasa. “Wanne za ki fara rufe min?”